Mudu ko Jari? Sharhi a kan Rabon Tallafi a Ikara, Maƙarfi da Kudan a Ma'aunin Fiƙihun Zakka



Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kalmar "tallafi" ta sauya gida a bakin talaka. A da sunan wani kuɗi ne da ake jin labarinsa a rediyo. Yanzu sunan buhu ne da ake bin layi a karɓa. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Agustan 2023 gwamnatin tarayya ta amince da ware naira biliyan 5 ga kowace jiha domin rage raɗaɗi, amma zuwa watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A wannan tsakani hukumomi da ƙungiyoyi da attajirai da 'yan siyasa duk sun shiga rabo, kuma kusan kowane rabo yakan zo da alkawari uku: za a ciyar da mayunwata, za a farfaɗo da sana'o'i, za a ƙarfafa mata. Wannan sharhi yana ɗora alkawuran nan a kan ma'aunin da fiƙihu ya riga ya tanada, ta hanyar duba ƙananan hukumomi uku na arewacin Jihar Kaduna, wato Ikara da Maƙarfi da Kudan.

Dalilin zaɓen waɗannan wurare shi ne ba ƙasar fari ba ce, ba kuma sansanin 'yan gudun hijira ba. Ƙasar noma ce mai albarka. Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya san rakensu da mazarƙwailarsu, ya san kasuwar Maƙarfi ta ranar Laraba, ya san tumatirin Ikara da har aka kafa masa masana'anta, ya kuma ji labarin inabin da ake nomawa a Kudan. Masara da dawa da shinkafa da barkono suna fita daga nan a manyan motoci zuwa Kudu. Idan aka ga mata suna layin mudun shinkafa a gefen titin da motocin nan suke bi, to abin da ya faru shi ne abinci yana nan, ikon sayensa ne ya kuɓuce. Wannan bambanci shi ya kamata ya tsara irin taimakon da za a kai, sai dai a mafi yawan abin da na gani bai tsara ba.

Wajibi ne in fara da adalci. Yunwa ba ta jiran tsari, kuma wanda ya kai wa gida abincin mako guda ya yi aikin lada, ko da bai yi komai bayan haka ba. Haka nan ba kowane rabo a bainar jama'a ne abin zargi ba. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba wa bayyana sadaka, sannan ta fifita ɓoye ta. A hadisin Jarir ɗan Abdullahi da Muslim ya ruwaito, lokacin da mutanen Mudar suka iso Madina cikin tsananin talauci, Annabi (SAW) ya yi huɗuba ya kwaɗaitar, jama'a suka tara abinci da tufafi a idon kowa. Amma a lura da wanda aka bayyana a wannan ƙissa: masu bayarwa ne suka fito fili domin wasu su yi koyi. A rabon zamaninmu mai karɓa ake bayyanawa.

Na halarci wani rabo a filin wata makarantar firamare a ɗaya daga cikin garuruwan nan, cikin watan Azumi. An tara mata tun da hantsi, manyan baƙi ba su iso ba sai bayan Azahar. Aka jera buhunan da ke ɗauke da hoton mai bayarwa, aka yi jawabai, aka zaɓo tsofaffi uku da suka fi kowa alamar wahala, aka ɗora musu kaya a ka, aka ce su kalli mai ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikinsu ta ja mayafinta ta rufe fuska, wani matashi ya sa hannu ya gyara mata shi. Ban ga mugunta a fuskar yaron ba. Aikin da aka sa shi yake yi. Amma na tuna aya ta 264 a surar da ta gabata, wadda ta sanya gori da cutarwa cikin abubuwan da ke ɓata sadaka, na kuma tambayi kaina ko akwai gorin da ya kai hoton da zai ci gaba da yawo a Facebook bayan shinkafar ta ƙare da shekaru. Ƙungiyoyi sukan ce masu ba da kuɗi ne suke neman shaida. Shaida kuwa tana samuwa da rajista da sa hannun mai unguwa da liman, ba sai da fuskar bazawara ba.

Tara jama'a wuri guda yana da wata illa da ta wuce ta mutunci. A watan Azumin 2024 mata sun rasa rayukansu a turmutsutsun rabon zakka a Bauchi, a watan Disambar shekarar kuma aka yi irin wannan rashi a Ibadan da Okija da Abuja. Sannan layi yana tace mutane ta hanyar da ta saɓa wa manufar shari'a. Wadda ke takaba ba za ta zo ba. Mai jego da mai jinya ba za su zo ba. Matar da mijinta ya tafi cin rani, ta kulle ƙofa tana dafa ganye saboda kunya, ba za ta zo ba, alhali irinta aya ta 273 ta siffanta: mabuƙatan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Idan aka ƙara da sharaɗin lambar waya da asusun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa, sai a ga wadda ta fi kowa buƙata ita ta fi kowa nisa da jerin sunaye. Ƙorafin da ake yawan ji cewa sunayen sukan biyo ta hannun masu riƙe da jam'iyya a mazaɓa, wannan kuma wani babi ne da ba sai na tsaya a kansa ba.

Inda na fi so a tsaya shi ne tambayar "nawa za a ba shi?" Malaman fiƙihu sun yi wannan tambaya tun da daɗewa, kuma amsarsu ta yi nisa da mudu biyu da taliya. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil da sharhohinsa, shi ne ya halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara guda, ko da ya haura nisabi. Shafi'awa sun ƙara gaba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Al-Majmu'u cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, kuɗin ya yi yawa ko kaɗan, ɗan kasuwa kuma a ba shi jarin da ribarsa za ta riƙe shi, har ya bambanta jarin mai sayar da ganye da na mai sayar da lu'ulu'u. Hujjarsu hadisin Ƙabisa ɗan Mukhariƙ ne a Sahihu Muslim, inda aka halatta roƙo ga wanda annoba ta cinye dukiyarsa har ya samu abin da zai tsayar da rayuwarsa. Iyakar da hadisin ya sa ita ce tsayuwar rayuwa, wato mutum ya koma kan ƙafafunsa.

Akwai ƙissar da ta fi kusa da batunmu a Sahihul Bukhari, cikin Littafin Yaƙoƙi. Wata matashiyar bazawara, 'yar Khufaf ɗan Ima'u Bagifare, ta tare Sayyidina Umar (RA) a kasuwa, ta gaya masa mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, ba gona ba dabbar tatsa. Umar ya nufi wani ƙaƙƙarfan raƙumi, ya ɗora masa buhu biyu cike da abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakaninsu, ya miƙa mata akala. A duba abin da ya haɗa mata a lokaci guda: abincin yau, kuɗin kashewa, da dabbar da ita kanta dukiya ce. Wannan haɗi shi ne abin da shirye-shiryenmu suka raba. Masu rabon abinci daban, masu rabon keken ɗinki daban, ba sa ma sanin juna. Sakamakon kowa ya san shi: matar da aka ba keke alhali babu tuwon dare a gidanta za ta kai shi kasuwa kafin mako ya zagayo, a rabin kuɗinsa, sannan a rubuta a rahoto cewa mutanen karkara ba su san ciwon kansu ba. Ita kuwa lissafinta daidai ne. Jarin da bai zo da abincin da zai kare shi ba, abinci ne da aka biyo da shi ta doguwar hanya.

Sai batun "koya wa mata sana'a". Wannan furuci yana ɗauke da zaton cewa matan ba su da sana'a, kuma zaton kuskure ne da bincike ya riga ya warware a wannan ƙasa tamu. A ƙarshen shekarun 1960 David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya nazarci tattalin arzikin ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka ta kan hanyar Kano. A farkon shekarun 1970 Emmy Simmons ta bi sawunsa ta nazarci sana'o'in matan waɗannan ƙauyuka, ta nuna yadda sarrafa abinci a cikin gida, irin su fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ya zama masana'anta sukutum a hannun matan da ba sa fita kasuwa. Polly Hill ma ta rubuta a 1969 kan wannan ciniki na bayan katanga a ƙasar Katsina. Mu da muka tashi a irin gidajen nan ba ma buƙatar Bature ya gaya mana. Na kawo sunayensu ne domin masu tsara shirye-shirye sun fi jin magana idan ta fito daga takarda.

Abin da ya samu mai ƙuli-ƙuli a Hunƙuyi ko mai daddawa a Paki ko mai awara a Gimi tsakanin 2023 da 2024 abu ne mai sauƙin fahimta. Tana sayen tiyar gyaɗa, ta soya, ta kai inji, ta matse mai, ta sayar, ta koma kasuwa da kuɗin. Duk komawar da za ta yi sai ta tarar kuɗin da ya sayi tiya biyar yanzu huɗu yake saye, kuɗin niƙa ya ƙaru saboda inji da fetur yake aiki, masu saye kuma maƙwabtanta ne da su ma aljihunsu ya bushe, rabin cinikin bashi ne. Kafin haka ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya riga ya girgiza ta, domin cinikinta na naira hamsin da ɗari ne, ba a yin sa da tura kuɗi ta waya. Daga nan sai a sayar da akuya, sai adashi ya watse saboda an kasa zubi, sai a taɓa kwanukan ɗaki. Wannan mata gwana ce a sana'arta, jarinta ne ya narke. Idan aka kira ta taron kwana uku aka koya mata haɗa sabulun ruwa tare da mata arba'in na unguwarsu, an samar da masu sayar da sabulu arba'in a inda masu saye ba su ƙaru ba, da sinadaran da sai an je Zariya ko Kano za a samo. Ƙa'idar da Nawawi ya kawo ta fi wannan hikima: a tambayi mutum sana'arsa, a mayar masa da jarinta.

Akwai abu biyu da nake ganin mu malamai muka yi shiru a kansu, kowane ɓangare da nasa shirun. Masu ɗari-ɗari da sana'ar mata sukan manta cewa Annabi (SAW) ya yi wa 'yar'uwar mahaifiyar Jabir izinin fita girbin dabinonta alhali tana cikin iddar saki, kuma Uwar Muminai Zainab 'yar Jahsh tana jima da hannunta tana sadaka. Masu ɗokin "ƙarfafa mata" su kuma sukan manta cewa ciyarwa wajibin miji ce. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da ta ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta an yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka, kuma kiran abin sadaka yana nuna dukiyarta ce, ba haƙƙin miji ba. A aikace, sau da yawa jarin da aka ba mace yakan zama hujjar da maigida zai janye hannu daga cefane, ko ya karɓa da sunan rance ya sayi taki. Shirin da bai zauna da maza ba, bai sa liman ya faɗa a mumbari cewa dukiyar mace tata ce ba, ya ƙara wa matar kaya ne kawai. Sannan a tuna cewa sana'ar cikin gida da ƙafar yarinya take tafiya: duk farantin da ya ƙaru, wata 'yar talla ce ta rasa darasin safe, sai fa in an haɗa matan da mai sari da zai zo har ƙofar gida.

Yanzu sai tambayar da ta fi nauyi a kanmu, ɗaliban fiƙihu: daga ina kuɗin wannan jari zai fito? Hadisin aiken Mu'azu zuwa Yaman ya nuna ana karɓar zakka daga mawadatan al'umma a mayar wa matalautanta, malamanmu na Malikiyya kuma sun tsaya a kan raba ta a inda ta wajaba, sai in wani wuri ya fi buƙata. To mene ne arzikin Maƙarfi da Kudan da Ikara? Rake da tumatir da barkono da albasa. A mazhabarmu zakkar noma ta taƙaita ga nau'o'i ashirin na ƙwayoyi da 'ya'yan itace, kuma Imam Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa babu zakka a kayan lambu, babu kuma a kuɗinsu sai shekara ta zagayo a kansu. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantarwa a zaure a kan haka take. Sai ga hoton da ya fito: ƙaramin manomi da ya samu masara ta kai wasƙi biyar, wato kimanin kilo 653 a ƙiyasin Shaikh Yusuf Ƙardawi, zai fitar da ushiri ranar girbi. Maƙwabcinsa da ya loda motoci na rake daga fadama ba a bin sa komai a ranar, kuma kafin shekara ta zagayo kuɗin sun koma taki da fili da aure.

Ba na ɗaukar hujjar Imam Malik da wasa. Ya dogara da aikin mutanen Madina, waɗanda suke noma kayan lambu ba a kuma karɓi zakkarsu ba, kuma wannan asali ne mai ƙarfi a mazhaba. Amma Imam Abu Hanifa ya wajabta ushiri a duk abin da ake noma ƙasa dominsa, har da rake, bisa gamewar aya ta 141 a Suratul An'am da hadisin abin da ruwan sama ya shayar. Tirmizi ya faɗi cewa babu abin da ya inganta daga Annabi (SAW) a babin kayan lambu. Abin da ya fi jan hankali shi ne babban malamin Malikiyya, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a 543 bayan Hijira, ya rinjayar da ra'ayin Abu Hanifa a Ahkamul Ƙur'an, yana ganin ya fi ƙarfin dalili, kuma shi Ƙardawi ya bi a Fiƙhuz Zakat. Saboda haka mai kira a sake duba mas'alar bai fita daga gida ba. Lambun Madina na cin gida ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Fadamun Kudan kuwa kasuwanci ne na miliyoyi. Ra'ayina shi ne fatawa a wannan yanki ta karkata ga zancen Ibnul Arabi, a fitar daga kuɗin amfanin ranar sayarwa, rabin ushiri ga mai ban-ruwa da inji. Na san za a ce manomin tumatir yana kwana da asara: tsutsar da manoma ke kira sharon ta share gonaki a 2016, farashi yakan faɗi har a zubar da kwanduna a bakin hanya, kuɗin taki kuma bai sauko ba ko da hatsi ya yi araha. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa mas'alar cire kuɗin da aka kashe kafin lissafi take buƙatar zaman malamai da manoma a wuri guda. Allah ne Mafi sani.

Wanda bai gamsu da wannan ba, mazhabar ba ta bar shi hannu rabbana ba. Ƙurɗubi, a tafsirin aya ta 177 ta Baƙara, ya kawo haɗuwar malamai a kan cewa idan buƙata ta sauka wa Musulmi bayan an fitar da zakka, wajibi ne a juya dukiya gare ta. Ga kuma ƙofar hubusi, wadda Malikiyya suka fi kowa buɗe ta: sun halatta waƙafin abin da ake ɗauka, da waƙafi na ƙayyadadden lokaci, da waƙafin kuɗi domin a riƙa ba da rance. Wannan na ƙarshe ya dace da matsalar mai ƙuli-ƙuli kamar an auna. Yana kawar da damuwar riba da ke hana mata da yawa kusantar bashin ƙananan bankuna, yana kuma kauce wa muhawarar mallakarwa da ke tasowa idan aka ce za a juya kuɗin zakka, muhawarar da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kanta a Amman a 1986 ta halatta da sharuɗɗa, cikinsu har da a fara biyan buƙatar gaggawa ta mabuƙata.

Masu riƙon irin wannan amana ma ba sai an ƙirƙiro su ba. Tun zamanin Nana Asma'u da jajojinta na 'Yan Taru mata suke da hanyar isa ga mata har cikin ɗaki, kuma yau kusan babu unguwa a garuruwan nan uku da ba ta da Islamiyyar matan aure, ga rassan ƙungiyar FOMWAN da aka kafa tun 1985. Malamar Islamiyya da uwar adashi sun san wadda ta daina suya, da ranar da ta daina, da dalilin dainawar, sanin da babu rajistar da aka cike a sakatariya da za ta kai shi. Sokoto da Kano da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi na jiha, masarautar Dutse kuma ta daɗe tana tara zakkar hatsi ta hannun hakimai tana rabawa a gundumomin da aka tara. Abin da ya rage wa sassan nazarin addini irin namu shi ne aikin ƙafa: a tura ɗaliban digiri na biyu su bi sawun waɗanda aka ba keke ko injin markaɗe shekara guda bayan biki, su ƙirga nawa ne ke aiki, nawa aka sayar, da abin da aka saya da kuɗin. Na nemi irin wannan bibiya a rahotannin da suka zo hannuna, abin da na samu shi ne adadin buhuna da adadin mahalarta, sai hotuna a shafin ƙarshe.